Riga, Mai da Malafa: Yadda Ostireliya Ta Tunkari Ƙunar Rana a Bakin Teku

A watan Janairu Ostireliya tana tsakiyar bazararta. Makarantu suna dogon hutu, ma'aikata da yawa sun ajiye aiki tun Kirsimeti, kuma duk wanda ya samu hali bakin teku yake nufa. Ba wata tafiya ba ce mai nisa, domin sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar suna zaune ne cikin tazarar kilomita 50 daga gaɓa, wuraren shaƙatawa na bakin ruwa kuma sun haura 10,000. Wanda ya fi suna shi ne Bondi, a gabashin birnin Sidni, farin rairayi mai tsawon kusan kilomita 1, inda dubban mutane ke kwanciya a rana mai kyau, wasu kuma suna iyo tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya da masu aikin ceto ke kafawa.

Wannan ƙasa, ita da maƙwabciyarta Niyu Zilan, su ke kan gaba a duniya wajen kansar fata. Ƙiyasin da ƙungiyar Cancer Council ta daɗe tana bayarwa shi ne, cikin kowane mutum 3 a Ostireliya, wajen 2 za a gano suna da wani nau'i na kansar fata kafin su cika shekara 70. Kimanin mutum 2,000 take kashewa duk shekara, fiye da waɗanda haɗarin mota ke kashewa a ƙasar. Mafi yawan wannan ɓarna daga rana take, kuma kaso mai yawa nata tun ana yara da samartaka aka shuka shi, a irin ranakun da ake dawowa daga bakin teku da jan baya, 'yan gida suna yi wa mutum dariya.

Dalilin bai ɓuya ba. 'Yan asalin ƙasar masu duhun fata ne, sun shafe dubban shekaru a ƙarƙashin wannan rana. Turawan da suka sauka a 1788, da waɗanda suka yi ta biyo bayansu daga Ingila da Ayalan da Sukotlan, sun zo da fatar da ta saba da gajimare da gajeren yini, suka zauna a ƙasar da take kusa da tsakiyar duniya, wato layin ikweta da ya raba arewa da kudu, fiye da tasu nesa ba kusa ba. Ga shi a farkon Janairu ne duniya ta fi matsowa kusa da rana, daidai tsakiyar bazarar kudu, ga sararin sama garau babu hayaƙi da ƙurar da za su rage kaifin haske. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan hujin da aka gano a rufin iskar ozon, wadda ke tace hasken rana, a saman Antatika a 1985, amma matsalar ta girme shi. Tun a 1956 wani masanin lissafi a Sidni, Henry Lancaster, ya nuna cewa mutuwa daga melanoma, wato kansar fata mafi muni, tana ƙaruwa a tsakanin fararen fata gwargwadon kusancin mazauninsu da tsakiyar duniya. Jihar Queensland da ke arewa ta fi jihar Biktoriya da ke kudu shan wahala.

Abin da rana ke yi kafin a ji

Zafin da jiki ke ji ba shi ke ƙona fata ba. Wani sashe ne na hasken rana da ake kira UV, ido ba ya ganinsa, fata ma ba ta jin saukarsa. Iri biyu ne ke isowa ƙasa. UVB shi ne babban mai haddasa ƙuna, yana lalata ƙwayar halittar da ke cikin ƙwayoyin saman fata kai tsaye. UVA ya fi nutsawa ciki, yana tsofar da fata, yana kuma da hannu a kansar fata. Ana auna ƙarfinsu da wani ma'auni da Kanada ta fara amfani da shi a 1992, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka. Daga 3 zuwa sama ana buƙatar kariya, 11 zuwa sama kuwa abin ya kai maƙura. A bazarar Ostireliya 11 da 12 abin yau da kullum ne, a arewacin ƙasar ma yana wuce haka. A irin wannan rana farin mutum kan ƙone cikin minti 15, wato kafin ya gama shimfiɗa tawul, ya kafa laima, ya raka yara bakin ruwa.

Bakin teku ya tara duk abin da ke yaudarar mutum. Iska tana busowa da sanyi, gumi yana bushewa nan take, jiki ba ya kukan komai. Mutum ya faɗa ruwa ya ji sanyi har ransa, alhali a zurfin rabin mita UV yana nan da wajen kashi 40 na ƙarfinsa. Busasshen rairayi yana maido da kusan kashi 15 na hasken da ya sauka a kansa, kumfar teku wajen kashi 25, saboda haka haske yana tasowa daga ƙasa ya samu ƙarƙashin haɓa da ƙasan hanci, wuraren da hula ba ta da iko da su. Siririn gajimare ba ya tare shi. Shi ya sa ranar da ta fi ƙona mutane ba ita ce ranar da zafi ya kai digiri 40 ba, domin ranar kowa da kansa yake gudu inuwa. Rana ce mai daɗin iska, mai digiri 23 ko 25, wadda ba ta korar kowa.

Sai kuma jinkiri, wanda shi ne mafi sharrin abin. Jan fata ba ya bayyana sai bayan awa 2 zuwa 6, ba ya kai ƙarshen ƙarfinsa sai bayan awa 12 zuwa 24. Kamar bashi ne da aka ci da hantsi, mai shi ba ya zuwa karɓa sai dare ya raba. Wanda ya ce zai tashi idan ya ga ya fara ja, kafin ya gani aikin gama ya gama.

Ka ɗauki irin baƙon da ake gani kowace bazara, saurayi daga Turai da ya sauka Sidni shekaranjiya, ya kwanta ruf da ciki a kan rairayi barci ya kwashe shi. Da la'asar ya tashi yana jin fatarsa ta ɗan ɗaure kawai. Da dare ya shiga wanka, ruwan da ya taɓa kafaɗarsa sai da ya yi ƙara. Bayan gwiwa ya yi jawur, saman ƙafa ya kumbura takalmi ba ya shiga, gefen kunne da tsagar gashi suna raɗaɗi. Zanin gado ya gagara kwanciya. Tsakar dare yana rawar sanyi, fata kuwa zafi rau. Kashegari bororo ya feso a kafaɗa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙwayoyin da suka lalace ƙwarai suna kashe kansu, jijiyoyin jini suna buɗewa, jiki yana turo ruwa da ƙwayoyin kariya wurin, wanda shi ne jan da kumburin. Bayan 'yan kwanaki fata ta fara saɓa, matattun ƙwayoyin ke nan suke zubewa. Waɗanda ake tsoro su ne waɗanda ba su mutu ba, aka gyara su ba daidai ba, suka ci gaba da hayayyafa da kuskure a cikinsu. Su ne bayan shekara 20 ko 30 kan zama wani ɗan baƙin tabo da ke sauya kama.

Jinya

Shawarar da hukumomin lafiya na can ke bayarwa ba ta da wuya, kuma kusan iri ɗaya ce da ta kowace ƙasa. A bar rana nan take, kada a koma sai fata ta warke sarai. A sanyaya wurin da ruwa mai ɗan sanyi, ko wanka ko jiƙaƙƙen tawul mai tsabta, ana maimaitawa. A sha ruwa da yawa, domin ƙonanniyar fata tana janye ruwa daga jiki, ga wanda aka riga aka rasa a gumi. Farasitamol ko ibuprofen suna rage zugi, amma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Idan fata ba ta fashe ba, ana iya shafa alobera ko wani mai sassauƙa marar turare don rage bushewa. Sutura ta zama ta auduga, mai yalwa.

Abubuwan da aka hana su suka fi muhimmanci a wurina, don a nan ake mayar da ƙaramar ƙuna babban ciwo. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, tana ƙara lalata ta. Ba a shafa man shanu, ko basilin, ko wani mai kauri a kan sabuwar ƙuna. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri da sauran abubuwan da hannu ke saurin kaiwa gare su idan an ƙone a gida, babu ɗayansu da ke da gurbi a nan. Bororo kuwa a ƙyale shi. Fatar da ta rufe shi ita ce bandejin da ya fi kowane tsabta, wanda ya fasa da allura ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Idan ya fashe da kansa, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe da abin da ba ya mannewa. Lokacin saɓa ma kada a riƙa ɗaye fatar da farce, komai ƙaiƙayi.

Akwai inda jinyar gida take tsayawa. Idan bororo ya mamaye wuri mai faɗi, ko ya fito a fuska, ko ga zazzaɓi da rawar sanyi, amai, ciwon kai mai tsanani, jiri, ko fitsari ya ɗauke, ko wurin ya fara ruwa yana ƙara kumbura, to sai asibiti. Jariri ko ƙaramin yaro da ya ƙone a kai shi wurin likita ko da abin bai yi kama da mai tsanani ba. Wanda kuma ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko ya suma, wannan ya wuce ƙunar fata, zafi ne ya buge shi, kuma yana iya kisa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi agajin gaggawa ba tare da jira ba.

Duk wannan jinya rage raɗaɗi take yi, ta hana ciwo ruɓewa. Babu wani mai, ko ƙwaya, ko ganye da ke mayar da ƙwayar halittar da ta riga ta lalace yadda take. Wannan gaskiya ce ta tilasta wa Ostireliya ta mayar da ƙarfinta ga abin da ke faruwa kafin a bar gida.

Tsuntsu mai hula

Abin da suka fuskanta ya fi rashin sani wuya. A shekarun 1960 da 1970 duhun da rana ke bari a jikin Bature ado ne, alamar lafiya da jin daɗi. 'Yan mata suna shafa man kwakwa ko man jarirai su kwanta don rana ta fi kama su, iyaye suna ɗaukar ƙunar farkon bazara abin da kowane yaro zai wuce ta kansa. Alhali wannan duhun da kansa shaida ce ta rauni: fata ce ke ƙara launi don kare kanta bayan an riga an taɓa ta, kuma kariyar da yake bayarwa ba ta taka kara ta karya ba.

A 1981 ƙungiyar yaƙi da kansa ta jihar Biktoriya, a ƙarƙashin Dakta Nigel Gray, ta fitar da wani tallan zane a talabijin. Wani tsuntsun teku ne mai suna Sid, sanye da gajeren wando da riga da hula, yana rawa yana waƙa. Sunan gangamin Slip! Slop! Slap!, saƙonsa uku: zura riga, lafta man kariya, ɗora hula. Waƙar ta shiga bakin yara, yara suka kai ta gida. A 2007 aka ƙara biyu, neman inuwa da sa baƙin tabarau.

Da abin ya tsaya a waƙa, da yanzu an manta. A 1987 Biktoriya ta kafa gidauniyar inganta lafiya ta VicHealth, da kuɗin harajin taba, ita kuma a 1988 ta ɗauki nauyin wani shiri mai ɗorewa, SunSmart. A nan ne aka daina dogaro da yi wa mutum ɗaya-ɗaya nasiha, aka koma sauya wuraren da yake rayuwa. Makarantun firamare suka kafa dokar da duk wanda ya tashi a ƙasar ya sani: ba hula, ba wasa. Yaron da ya manta hularsa a gida zai zauna a baranda lokacin tara yana kallon 'yan uwansa suna guje-guje. Ba kowace hula ba kuma. Hana-salla ba ta rufe kunne da ƙeya, don haka mai faɗin baki ake so, irin malafa, ko mai lulluɓi a baya. Ƙananan hukumomi suka riƙa kafa rumfunan yadi a filayen wasa da wuraren iyo. A 1996 aka fitar da ma'aunin da ke nuna yawan hasken da yadi ke tarewa, sai ga rigunan iyo masu hannu sun zama kayan yara na yau da kullum. Masu aikin ceto da kansu, waɗanda a da su ne abin koyi wajen tsayuwa ba riga a rana, suka koma sa riga mai dogon hannu da faffaɗar hula. A 2002 kotu ta yarda masu aiki a waje su cire kuɗin hula, tabarau da man kariya daga harajinsu. Rahoton yanayi na kowace safiya ya koma faɗin lokacin da UV zai haura 3, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza.

Wani abu da ya burge ni a shirin shi ne ba su yarda da zato ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, masu bincike a Melbon suna buga wa mutane waya ranar Litinin da yamma a lokacin bazara, suna tambaya: jiya da shekaranjiya ka fita? Me ka sa? Ka ƙone? Da wannan suka ga ƙuna ta ragu, sa hula da shafa mai sun ƙaru, sha'awar duhun rana ta ja baya. Da shi kuma suka ga cewa a shekarun da kuɗin talla ya ragu, mutane suna fara komawa gidan jiya. Kowace shekara ana haifar waɗanda ba su taɓa jin saƙon ba.

Man kariya: abin da yake yi da inda yake gazawa

Hujja mafi ƙarfi da duniya ke da ita a kan man kariya daga wani ƙaramin gari ta fito, Nambour, a arewa da birnin Brisbane a jihar Queensland. Daga 1992 zuwa 1996, Farfesa Adèle Green da abokan aikinta sun raba mutum 1,621 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna shafa mai kowace safiya a fuska, wuya, hannuwa da damatsa, ɗaya kashin kuma suna yin yadda suka saba. Aka ci gaba da bibiyarsu shekara 10 bayan an gama. Masu shafawa kullum an samu melanoma 11 a cikinsu, sauran 22. Irin wadda ta nutsa cikin fata kuwa, 3 ne da 11. Kuma man da suka yi amfani da shi mai lamba 16 ne kacal a ma'aunin ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin kwalba, wanda yau za a raina.

Amma yawancin mutane ba sa shafa ko rabin abin da ake buƙata. Babban mutum yana buƙatar wajen mililita 35, cokalin shayi 7: ɗaya ga kowane hannu, ɗaya ga kowace ƙafa, ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa. A shafa minti 20 kafin fita, a sake duk bayan awa 2, a kuma sake bayan iyo ko goge jiki da tawul, ko da an rubuta cewa ruwa ba ya wanke shi. Iyali mai mutum 4 da suka wuni a bakin teku suka dawo da kwalba kusan cike ba su shafa ba, sun dai taɓa. Bambancin lamba 30 da lamba 50 ba shi da yawa, na farko yana tare kusan kashi 97, na biyu kashi 98. Yawan shafawa da maimaitawa su suka fi lamba tasiri.

Akwai kuma wata illa ta ɗabi'a. Wani bincike da aka yi a Turai a 1999 ya nuna matasan da aka ba mai mafi ƙarfi, ba tare da sun san lambarsa ba, sun fi daɗewa kwance a rana lokacin hutu, don ƙunar da za ta kore su ta yi jinkiri. Laima ma ba ta isa ita kaɗai. A wani gwaji a bakin wani tafki a Texas da aka wallafa a 2017, an zaunar da wasu ƙarƙashin laima babu mai, wasu a fili da mai mai ƙarfi, tsawon awa 3 da rabi. Kashi 78 na 'yan laima sun ƙone, 'yan mai kashi 25. Hasken yana shigowa ta gefe. A 2025 kuma ƙungiyar kare masu saye ta Choice ta gwada mayuka 20 da ake sayarwa a Ostireliya masu lamba 50 ko sama, ta ce 16 ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba, har aka janye wasu daga kasuwa.

Saboda haka nake ganin waɗanda suka tsara saƙon 1981 sun yi daidai da suka sa riga a gaba. Riga ba ta wankewa a ruwa, ba a mantawa a sake ta bayan awa 2, ba ta barin tsakiyar baya inda hannu bai kai ba, kuma talaka yana da ita. Mai na wuraren da riga ta bari ne. Sama da duka akwai lokaci: iyalin da suka je bakin teku da sassafe suka bar wurin kafin rana ta take, ko suka bari sai la'asar sakaliya, sun kauce wa mafi yawan hasken wunin ba tare da sun sayi komai ba. Jarirai 'yan ƙasa da shekara 1 kuwa shawarar can ita ce kada rana ta same su kai tsaye idan ma'auni ya kai 3, kuma ba a so a riƙa lafta wa 'yan ƙasa da wata 6 mai, inuwa da sutura su ne nasu.

Inda aka kai

A 2007 wata budurwa 'yar Melbon, Clare Oliver, ta yi magana da 'yan jarida daga gadon jinya. Melanoma ce ke cinta, kuma ta ba da labarin yadda ta yi ta neman duhun fata, a rana da kuma a shagunan da ke da gadajen lantarki masu fitar da UV. Ta rasu a watan Satumba na shekarar tana da shekara 26. Maganarta ta yi abin da alƙaluma suka kasa. Jihohi suka fara tsaurara doka, a 2009 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa waɗannan na'urori a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, daga Janairun 2015 kuma yawancin jihohin ƙasar suka haramta kasuwancinsu, jihar Ostireliya ta Yamma ta bi sahu a 2016.

Sakamakon da ake nema ya ɗauki shekaru kafin ya fito, domin kansar yau ƙunar shekara 30 da suka wuce ce. Yanzu ana ganinsa: melanoma tana raguwa a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 40, waɗanda suka tashi da hula a makaranta. A tsakanin tsofaffi, musamman maza, har yanzu tana da yawa ƙwarai, suna biyan abin da ya faru kafin 1981. Matasa 'yan sakandare su ne inda shirin ya fi rauni, suna ajiye hula da zarar sun bar firamare, a kafafen sada zumunta kuma an sake dawo da yayin nuna sawun rana a kafaɗa. Likitocin melanoma biyu da aka ba lambar gwarzon shekara ta ƙasar a 2024, Georgina Long da Richard Scolyer, da wannan damar suka yi kira a daina ƙawata duhun rana a talla da intanet.

Mai duhun fata fa?

Shekaru da yawa saƙon ɗaya ne ga kowa, alhali ƙasar ta cika da 'yan asalin Afirka da Asiya, ga 'yan asalinta. A 2024 masana suka fitar da sabuwar matsaya da ta raba mutane bisa launin fata. Mai duhun fata ƙwarai haɗarin kansar rana a gare shi kaɗan ne, abin da ya fi yi masa barazana ƙarancin sinadarin bitamin D ne, don haka ba a ce ya riƙa shafa mai kullum ba, sai idan zai daɗe a waje. Wuni a bakin teku yana cikin wannan daɗewar. Baƙar fata tana ƙonewa, sai dai ba ta nuna ja sosai: za a ji zafi da ɗaurewa, wurin ya ƙara duhu, bayan kwanaki ya saɓe. Idanu kuwa ba ruwansu da launin fata, hasken da ke tasowa daga ruwa da rairayi yana da hannu a yanar ido. Melanomar da ta fi samun baƙar fata a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce take fitowa, ba ta bin sawun rana, don haka baƙin tabo ko tawadar Allah da ke girma ko sauya kama a waɗannan wurare abin nuna wa likita ne da wuri.

Wanda zai je Tarkwa Bay a Legas, ko Labadi a Akara, ko gaɓar Jidda, yana ƙarƙashin ranar da ba ta gaza ta Sidni ƙarfi ba, kuma kusan duk shekara haka take. A cikinmu akwai waɗanda labarin Ostireliya ya shafa kai tsaye. Mai shan wasu magunguna, irin su doxycycline, fatarsa tana saurin ƙonewa fiye da yadda ya saba. Mai shafa man bilicin ta rage wa fatarta launin da ke kare ta, idan man yana da sinadarin steroid ma fatar ta yi siriri, sai rana ta bar mata ƙuna da baƙaƙen tabo a kumatu.

Sai zabaya, waɗanda su ne suka fi tsaya mini a rai. Fatarsu ba ta da launin kariya kusan gaba ɗaya, suna rayuwa a ƙarƙashin ranar Afirka, kuma kansar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su tun da sauran ƙuruciyarsu. Man kariya mai kyau ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyayensu. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin muhimman magunguna, amma kafin ya iso kantin maganin ƙauye da farashin da za a iya saya, akwai sauran tafiya. Shugaban makarantar da ke da ɗalibi zabiya yana iya fara nasa gobe da safe: ya ƙyale yaron ya sa riga mai dogon hannu da dogon wando ko da kayan makaranta ba haka suke ba, ya bar shi da malafarsa a kai, ya tsayar da shi a inuwa lokacin taron safe, kuma ya hana kowane malami yi masa horo da durƙuso a rana.